Dashen ƙoda: cututtukan da ke biyo bayan aiki da yadda gida zai kare mai dashe

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mun karanta sanarwar neman taimako a wannan gidan rediyo: wane ƙodojinsa sun daina aiki, yana wankin ƙoda a asibitin Lamorde na Yamai ko a babban asibitin Damagaram, likitoci sun ce dashe ne mafita. Sai dangi su sayar da gona da bisashe, ƴan uwa na Abijan da Kwatano da Libiya da Faransa su turo abin da ya sawwaƙa, ƙane ko ƙanwa su ba da ƙoda ɗaya, a tafi Indiya ko Masar ko Tunisiya ko Turkiyya. Wasu nan kusa suke zuwa, Kano, inda asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara wannan aiki tun 2002. In Allah ya sa aka dawo lafiya sai a yi saukar Alƙur'ani, a yi walima, kowa ya ce an gama.

To, ba a gama ba. Mai dashe yana dawowa gida da ƙoda mai aiki, amma da garkuwar jiki wadda likitoci suka raunana da gangan. Ƙwayar cutar da ni da kai za mu ɗauka mu warke cikin kwana uku, shi tana iya kai shi gadon asibiti, ta lalata ƙodar da aka sha wahala a kanta, ko ma a rasa shi baki ɗaya. A ƙasashe irin namu cututtukan da ake kamuwa da su suna sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe masu dashe, kuma da yawansu ana iya tare su tun daga tsakar gida.

Dalilin da ya sa ake raunana garkuwar jiki

Jikin mutum ya san nasa, ya san baƙo. Ƙodar da aka dasa, ko ta uwa ɗaya uba ɗaya ce, baƙuwa ce a wurinsa, kuma zai far mata kamar yadda yake far wa cuta. Dashen farko da ya yi nasara, wanda likita Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka ranar 23 ga Disamba 1954, ya ɗore ne don mai bayarwa da mai karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, jiki bai ga baƙo ba. Duk wanda ba shi da irin wannan tagwai, sai da magani.

Magungunan da aka fi haɗawa yau uku ne: tacrolimus (wasu ciclosporine ake ba su), mycophénolate, da prednisone. Ana shan su kullum, muddin ƙodar tana jiki, yawanci safe da dare da tazarar awa 12, misali ƙarfe 8 da ƙarfe 8. Aikinsu su kwantar da dakarun jiki kada su taɓa ƙodar. Matsalar ita ce dakarun da aka kwantar su ne dai masu gadin ƙofa. In magani ya yi kaɗan jiki ya ƙi ƙoda, in ya yi yawa cuta ta samu hanya. Likita ne kaɗai ke riƙe wannan ma'auni, da awon jini. Mai dashe ba ya rage ƙwaya don ya ji sauƙi, ba ya tsayar da ita don yana masassara, sai likitan ƙoda ya ce.

Kowane lokaci da irin cutarsa

Watan farko, cututtukan asibiti ne: miki ya yi ruwa, ciwon huhu, cutar da ke shiga ta robar fitsari ko ta allurar ƙarin ruwa. Yawanci wannan lokaci mutum yana can kusa da waɗanda suka yi masa aiki.

Daga wata na biyu zuwa na shida, wani lokaci har shekara, nan ne wuri mafi haɗari, kuma daidai lokacin ne mutanenmu ke dawowa gida don kuɗin zama a waje ya ƙare. Magani yana da ƙarfi a jiki, sai cututtukan da suka daɗe suna barci su farka. Akwai wata ƙwaya da likitoci ke kira CMV, wadda kusan dukkanmu mun ɗauke ta tun muna yara ba mu sani ba. Ga mai dashe tana kawo masassara mai naci, kasala, zawo, wani lokaci ta taɓa huhu ko hanta. Shi ya sa ake ba wasu valganciclovir na wata 3 zuwa 6. Akwai wata dangin funfuna da ke cika huhu har numfashi ya gagara, ita kuma cotrimoxazole ke tare ta, wato Bactrim ɗin nan da kowa ya sani, ƙwaya mai araha, ana sha aƙalla wata 6, wasu har shekara. Mun ji ana raina shi, ana cewa ai wannan maganin zawon yara ne, a bar shi in ya ƙare. Kuskure ne babba.

Akwai kuma BK, wadda ke ɓuya cikin ƙoda ta cinye ta a hankali ba tare da zafin jiki ko ciwo ba. Sunan nata haruffan farko ne na sunan wani mai dashe ɗan ƙasar Sudan da aka fara gano ta a fitsarinsa a Landan a 1971. Ba ta da wani magani na musamman. Awon jini ne ke tona ta, sai likita ya rage ƙarfin magungunan dashe. Wanda ya daina zuwa awo don yana jin garau, ba zai san da ita ba sai ƙodar ta yi nisa.

Bayan wata shida zuwa shekara ana rage magani, mutum ya koma harkokinsa. Daga nan cututtukan kowa da kowa ne ke samun sa, mura, masassarar cizon sauro, zawo, sai dai sukan zo masa da nauyi fiye da na kowa.

Cutar da ta fi yawa a duk waɗannan lokuta ita ce ta mafitsara, musamman ga mata. Sabuwar ƙoda ba a bayan mutum ake sa ta ba, a ƙasan ciki ake dasa ta, gefen mara, kuma hanyar da ke tsakaninta da mafitsara gajera ce, ƙwayar cuta ba ta daɗewa ta hau. A sha ruwa yadda likita ya ƙayyade, kada a riƙe fitsari, ko da a cikin motar Maraɗi zuwa Yamai ne a roƙi direba ya tsaya. Mace ta yi tsarki daga gaba zuwa baya, ta yi fitsari bayan kwanciyar aure.

Masassarar mai dashe ba ta kwana a gida

In akwai abu ɗaya da muke so kowane gida ya riƙe, shi ne wannan. A sayi ma'aunin zafin jiki a farmasi, a koya wa mutum biyu karanta shi. In ya kai 38, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, ko da kabu-kabu ne ko amalanke. Kada a fara ba da paracétamol a jira gobe, don yana rufe zafin ne kawai, cutar na ci a ciki. A auna tukuna. Kuma a sani prednisone kansa yana danne zafin jiki, saboda haka mai dashe na iya kasancewa cikin ciwo mai tsanani jikinsa ba zafi sosai. Rawar sanyi, kasalar da ba a saba gani ba, ruɗewa, zafin fitsari ko raguwarsa, ciwo a kan wurin dashe, tari ko haki, ciwon kai da sanƙarewar wuya, farin abu a baki ko harshe, ƙuraje masu ruwa da zafi a gefe ɗaya na jiki, baƙaƙen tabo masu tasowa a ƙafafu, duk na asibiti ne.

Zawo da amai ma ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan jiki yana ƙarewa, ƙoda ɗaya ce ke ɗauke da mutum, kuma abin mamaki zawo yana sa tacrolimus ya hau a cikin jini har ya cutar da ƙodar. In amai ya hana ƙwayoyi zama a ciki, a kira likita a ranar.

A CSI ko asibitin gunduma, maganar farko da za a gaya wa majo ita ce: wannan mutum an yi masa dashen ƙoda, ga takardar magungunansa. A yi gwajin masassarar cizon sauro, amma ko gwajin ya nuna ita ce, kada a tsaya nan, don tana iya haɗuwa da wata cutar. A kira likitan ƙoda a salula ya yi magana da majo. Gidan sauro kuwa ga mai dashe ba na damana kaɗai ba ne, na kowane dare ne.

Tarin fuka da magungunan da ba sa jituwa

Da yawa daga cikinmu muna ɗauke da ƙwayar tarin fuka tana kwance, garkuwar jiki ta danne ta. Bayan dashe tana iya tashi, kuma ba lalle da tari ba: rama, zufar dare, masassarar yamma, kumburin kaluluwa. Shi ya sa ake bincike kafin aiki, wasu a ba su isoniazide na wata 6 zuwa 9 don rigakafi.

Ga inda ake faɗawa rami. Cikin maganin tarin fuka da ake bayarwa a cibiyoyinmu akwai rifampicine, wanda ke mai da fitsari ja. Magani ne mai kyau, amma yana sa hanta ta ƙone tacrolimus da ciclosporine da sauri, sai a wayi gari mutum yana shan ƙwayoyinsa kullum amma kamar bai sha ba, jiki ya ƙi ƙodar. Ba cewa muke kada a sha maganin tarin fuka ba. Dole a sha. Amma likitan ƙoda ya sani tun ranar farko don ya daidaita.

Wasu kuma akasin haka suke yi, suna sa tacrolimus ya taru ya zama guba: érythromycine, clarithromycine, fluconazole, kétoconazole, har da babban lemun nan mai ɗaci da ake kira pamplemousse. Ibuprofène da diclofénac, waɗanda ake sha kamar gyaɗa don ciwon jiki, kai-tsaye suke bugun ƙoda. Saboda haka maganin tebur da na masu talla a kasuwa, mai dashe ya yi sallama da su. Haka saiwoyi da sassaƙe da jiƙo. Ba raina gadon kakanni muke ba, amma babu mai iya faɗa maka abin da jiƙon zai yi in ya haɗu da waɗannan ƙwayoyi, kuma ƙodar ɗaya ce. Ƙaho da sakiya da tsaga su ma a bar su, aski kuma da reza sabuwa tasa shi kaɗai, don ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, kuma ta jini yake bi.

Ƴan dubiya

Nan ne muka san za a yi ta magana. A al'adarmu wanda ya dawo daga jinya ɗakinsa ba ya rabuwa da jama'a, kowa ya miƙa hannu, a zauna tabarma ɗaya, a ci kwano ɗaya. Wanda ya hana shiga sai a ce ya yi kuɗi ya raina mutane. Amma a watannin farko wannan zumunci yana iya zama sanadin komawa asibiti. Abin da muke ba da shawara, babban gida ko limamin unguwa ya ɗauki nauyin faɗa wa jama'a, kada a bar marar lafiya da jin kunya. A yi dubiya a tsakar gida ko a zaure inda iska ke wucewa, mutum biyu ko uku a lokaci guda, a gaisa da baki, a yi addu'a, a tashi. Mai mura ko tari ko zawo ya aiko da gaisuwa ta salula, ladarsa na nan. Yaro mai ƙyanda, wadda wasu ke kira dussa, ko mai ƙarambau, kada ya kusanci ɗakin, in kuma an riga an haɗu a gaya wa likita nan take ba sai ƙuraje sun fito ba.

A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan ban ɗaki ya fi duk wani magani mai tsada tare cuta. Kasuwa, biki, suna, zaman makoki da cunkoson mota, a rage su a wata uku zuwa shida na farko, in ya zama dole a sa takunkumin baki da hanci. Haka in hunturu ya shigo da ƙura, lokacin da sanƙarau ke yawo har zuwa faɗuwar ruwan farko.

Azumi kuwa, likitoci kan hana mai dashe a shekarar farko, bayan nan ma sai da izininsu da gyara lokacin shan magani. A zafin Afrilu da Mayu na ƙasar nan, yini babu ruwa ba wasa ba ne ga mai ƙoda ɗaya ta dashe, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Mai shakka ya tambayi malaminsa tare da likitansa.

Ruwa, fura da nama

Ruwan rijiya, na gulbi, na tabki, har na pampo in ba a tabbatar ba, a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cikakke, a zuba a jarka mai murfi tasa shi kaɗai. Ƙwayoyin tsabtace ruwa irin su Aquatabs suna taimakawa, amma akwai ƙwayar zawo da ba sa kashewa, tafasawa ta fi. Randar da kowa ke tsoma moɗa a ciki ba tasa ba ce. Mutanen Madarumfa da Maraɗi ba su manta da kwalarar 2018 da ta 2021 ba.

Fura ba a hana ba, ɗanyen nono aka hana. A samo madara a tafasa ta a gida, a kwantar da nonon da kai, a dama da tafasasshen ruwa. Ɗanyar madara da cukun da aka yi da ita suna ɗauko cututtuka daga dabba zuwa mutum, ciki har da tarin fuka na shanu. Nama ya dahu har ciki, ƙwai ya dahu sosai. Tsire da balangu in daga wuta aka sauke su da zafinsu, to, amma wanda ya yini a tire ƙuda na bi, da kilishin da ya sha ƙurar tasha, a haƙura. Salak da ɗanyen tumatir na waje a bar su, ƴaƴan itace a wanke a fere da kai. Ɗumame a ɗumama shi har ya yi tururi.

Gona da bisashe

Ba za mu ce manomi ya bar noma har abada ba, wannan ba magana ba ce. Amma a watannin farko ya bar wa yara, daga baya kuma akwai ayyukan da ya kamata su fita daga hannunsa: shiga tsohon rumbu, sussuka da shiƙa, kwasar taki, sharar akurki da ɗakin tattabaru. Ƙurar hatsi mai funfuna da busasshen kashin tattabara suna ɗauke da ƙwayoyin da ke shiga huhu, wasu su haura har ƙwaƙwalwa. Kada ya karɓi haihuwar akuya ko saniya da hannu, kada ya taɓa abin da dabba ta ɓarar. Masassarar Rift da ta ɓulla a yankin Cintabaradan da Tasara cikin jihar Tawa a 2016 ta irin wannan hanya ta bi makiyaya. Ranar layya ya wakilta wani ya yi fiɗa.

Takalmi a ƙafa kullum. Akwai wata ƴar tsutsa da ke shiga ta tafin ƙafa daga ƙasa mai laima, ta zauna a hanji shekaru ba ta damun mutum, amma in aka raunana garkuwa sai ta bazu ko'ina a jiki. Ivermectine ke kashe ta, kuma ya kamata a tuna wa likitocin waje cewa daga ƙauye mutum ya fito, don su duba ta tun kafin aiki. Wanka a tabki ko a kogin Isa shi ma a bar shi saboda tsargiya.

Allurar rigakafi

Mafi kyau a kammala rigakafi kafin dashe, lokacin da jiki ke iya karɓa. Bayan dashe akan jira wata 3 zuwa 6, sannan a ci gaba da waɗanda ba su da ƙwaya mai rai: na ciwon hanta B, na tetanus, na ciwon huhu, na mura, na sanƙarau wanda ake nema ga mai zuwa Hajji ko Umra. Masu ƙwaya mai rai kuwa an hana mai dashe su kwata-kwata: na shawara, wato na katin nan mai ruwan ɗorawa da ake tambaya a filin jirgi, na ƙyanda, BCG, da ɗigon shan inna na baki. In tafiya ta kama, likita yana rubuta takardar uzuri. Kada a yarda a yi allurar shawara a bakin iyaka don a wuce da sauri.

Yaran gida su ci gaba da rigakafinsu, don lafiyarsu kariya ce gare shi. Sai dai in an ɗiga wa yaro maganin shan inna, ƙwayar tana fita ta kashinsa har wasu makonni, saboda haka mai dashe kada ya wanke wa yaron kashi na kamar wata ɗaya da rabi, kuma a tambayi likita ko akwai na allura.

Ga ƴan uwa na ƙetare

Ku da kuke haɗa kuɗin tafiya, ku sa kuɗin bayan dawowa cikin lissafi tun farko: magani na kowane wata, awon jini, motar zuwa wurin likita. Mai dashen da maganinsa ya yanke na ƴan kwanaki yana iya rasa ƙodar. Ku guji dillalan da ke cewa za su samo ƙodar saye. Likitocin duniya sun yi tir da wannan ciniki a sanarwar Istanbul ta 2008, kuma irin wannan aiki na ɓoye shi ya fi dawo da mutane da ciwon hanta, ƙanjamau, ko miki mai ƙwayoyin da ba sa jin magani.

Kafin a baro asibitin da aka yi aiki, mai rakiya ya karɓi cikakken rahoto a rubuce: sakamakon gwajin mai bayarwa da na mai karɓa, sunayen magunguna da adadinsu, ranar da za a tsayar da na rigakafi, awon créatinine na ƙarshe, da lambar da za a kira ko a aika saƙon WhatsApp. In da Turancin Ingilishi ko Larabci aka rubuta, a sa a fassara shi zuwa Faransanci don likitocinmu. A taho da maganin aƙalla wata uku a jakar hannu, a ajiye shi cikin kwalinsa a wuri mai sanyi marar laima, ba a ƙarƙashin kwano mai zafi ba. A san likitan ƙodar da zai karɓi mutum a gida da inda za a riƙa awon tacrolimus tun kafin a hau jirgi.

A kuma yi wannan tambaya: robar nan da ake sawa tsakanin sabuwar ƙoda da mafitsara, wadda likitoci ke kira JJ, an cire ta ko tana ciki? Daga waje ba a ganin ta, kuma akan cire ta ne cikin makonni 2 zuwa 6 bayan aiki. In an manta da ita, ƙwayoyin cuta da tsakuwa suna taruwa a kanta, mutum ya yi ta fama da ciwon fitsari ba a san dalili ba. In ba a cire ba, a rubuto ranar cirewa a takarda, a nuna wa likita a zuwan farko.